Hannun da ya miƙa Littafi: rikicin tsarki a ikilisiyar Afirka ta Arewa

Akwai tambayar da takan taso a zaman nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa, musamman in labari ya fito cewa an dakatar da wani ma'aikacin ikilisiya. Wani zai ɗaga hannu ya ce, "To Baba Fasto, ni da shi ya yi mini baftisma, yaya ke nan?" Wata kuma ta ce shi ne ya yi ta miƙa mata jibin Ubangiji shekara da shekaru, ashe duk lokacin yana cikin abin da yake ciki. Mukan ba da amsa a gajarce mu wuce. Amma 'yan'uwa, wannan tambaya ta taɓa raba ikilisiyar Afirka ta Arewa gida biyu fiye da shekara ɗari, an zubar da jini a kanta, kuma amsar da muke bayarwa yau a can aka fara tsara ta.

Yankin da muke magana a kai shi ne ƙasar Tunisiya ta yau da gabashin Aljeriya. A lokacin yana ƙarƙashin mulkin Roma, babban birninsa kuma Kartaj. Masu bi na can mutane ne masu zafin bangaskiya. A Kartaj aka jefa Fafetuwa da Filisita wa namun daji a shekara ta 203, a nan kuma aka fille kan bishop ɗinsu Sipiriyan a 258. Kowace shekara suna taruwa a kaburburan shahidai, a karanta labarin yadda suka mutu. Yaron da ya tashi a irin wannan ikilisiya ya san cewa babban abin da Kirista zai iya yi shi ne ya ƙi durƙusa wa gunki ko da ransa zai tafi.

A watan Fabrairu na 303 sarkin Roma Diyokletiyan ya ba da doka a rushe majami'u, a tattara Littattafai Masu Tsarki a ƙone. Mu tuna, babu maɗaba'a a lokacin. Da hannu ake kwafe kowane littafi, kuma ikilisiya ɗaya tana iya zama da Bishara guda tak. Jami'an gwamnati suka bi shugabannin ikilisiya gari gari suna cewa a kawo littattafai.

Allah ya sa rahoton irin wannan bincike ɗaya ya tsira har zamaninmu. A ranar 19 ga Mayu, 303, magajin garin Sirta, wato birnin da yau ake kira Konstantin a Aljeriya, ya shiga gidan da Kirista ke taruwa. Bishop yana zaune da dattawa da dikinoni, magatakarda kuma yana rubuta duk abin da aka fito da shi: kofunan zinariya 2, na azurfa 6, fitilu, rigunan mata 82, na maza 16, takalman mata ƙafa 47, na maza 13. Da alama kayan rabo ga matalauta ne. (Wanda ya dubi yawan kayan matan zai ce zumuntar mata ba yau ta fara riƙe ikilisiya ba.) Da aka zo kan littattafai sai aka fito da babba guda, aka ce sauran suna hannun masu karatu. Jami'ai suka bi gidajen masu karatun ɗaya bayan ɗaya. A wani gida maigidan ba ya nan, matarsa ta fito da littattafai shida ta miƙa. Babu duka a cikin rahoton, yawancinsu mutane ne da tsoro ya kama suna miƙa abin da aka ce su miƙa. Cikin waɗanda suka taimaka wajen fito da kayan akwai wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Silbanus. Mu riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi.

Ba kowa ne ya miƙa ba. Filikus, bishop na wani ƙaramin gari Tibiyuka, ya ƙi fito da nasa, aka kashe shi a wannan shekara. A 304 aka kama masu bi 49 a garin Abitina suna sujadar ranar Lahadi a gidan ɗan'uwa, aka kai su Kartaj aka azabtar da su. Akwai kuma masu dabara. Mensuriyus, bishop na Kartaj, ya ɓoye Littattafai na ainihi ya bar wa jami'ai rubuce-rubucen 'yan bidi'a su kwashe. Yana kuma ganin bai kamata a girmama waɗanda suka kai kansu ga hukuma da gangan don neman shahada ba. Babban dikinsa, Sisiliyan, an zarge shi da hana a kai wa fursunonin Abitina abinci a kurkuku. Abokan gabarsa ne suka rubuta wannan zargi, amma ya bi shi har kabari.

Tsananin bai daɗe a Afirka ba, wajen 305 ya lafa. Sai aka koma majami'a aka zauna benci ɗaya: matar da aka kashe mijinta don ya ƙi, da dattijon da ya miƙa Bishara ya koma gida ya ci tuwonsa. Da Latin ana kiran wanda ya miƙa "traditor", ma'ana mai miƙawa, kuma nan da nan kalmar ta zama zagi, kamar a ce maci amana.

Kada mu yi saurin yi wa masu fushin dariya. A arewa maso gabashin Najeriya, cikin shekarun nan na Boko Haram, an sa wa 'yan'uwanmu wuƙa a wuya. Wasu sun tsaya aka kashe su, wasu sun faɗi abin da aka ce su faɗa suka rayu, daga baya suka dawo. Duk faston da ya yi aiki a cikin irin wannan jama'a ya san nauyin da ke cikin ɗaki sa'ad da gwauruwar na farko ta ga na biyu ya miƙa hannu zai karɓi gurasa. Abin da ke zuciyarta shi ne abin da ke zuciyar mutanen Numidiya: in haka ne, don me mijina ya mutu?

Wutar ta kama da Mensuriyus ya rasu wajen 311. Aka yi gaggawa aka naɗa Sisiliyan bishop na Kartaj kafin bishop-bishop na Numidiya su iso. Da suka iso, su wajen 70 ƙarƙashin Sekundus, suka ce naɗin banza ne, domin ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗora masa hannu, wani Filikus na garin Abtungi, mai miƙawa ne. Suka naɗa nasu bishop, Majorinus. An ce wata attajira mai suna Lusila ta ba da kuɗi a wannan aiki, domin Sisiliyan ya taɓa tsawata mata kan al'adarta ta sumbatar ƙashin wani shahidi kafin ta karɓi jibi. Rikicin ikilisiya da wuya ya rasa irin wannan tsohon miki a ƙarƙashinsa. Majorinus bai daɗe ba ya mutu, Donatus ya gaje shi a 313, ya riƙe ƙungiyar shekara fiye da 40, sunansa kuma ya bi ta: Donatiyawa.

Koyarwarsu tana da sauƙin fahimta, shi ya sa ta kama zukata. Mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Bishop da ya miƙa Maganar Allah ga wuta ya rabu da Ruhu Mai Tsarki, saboda haka hannun da ya ɗora wa wani fanko ne. Wanda ya naɗa ba bishop ba ne, wanda wannan ya yi wa baftisma wanka kawai ya yi. Ƙazantar tana yaɗuwa kamar cuta, ta kama duk wanda ya ci gaba da zumunci da Sisiliyan, har ikilisiyoyin ƙetare da ba su taɓa jin sunan Abtungi ba. Don haka duk wanda ya zo wurinsu daga ɗaya ɓangaren sai an sake masa baftisma. Sun dogara ga Afisawa 5, inda Bulus ya kwatanta ikilisiya da amarya marar aibi, sun kuma dogara ga Sipiriyan, wanda ya koyar cewa baftismar da aka yi a waje da ikilisiyar gaskiya ba ta da amfani.

Su ne suka fara kai ƙara wurin sarki. A 313 suka roƙi Konstantin, wanda bai daɗe da ba Kirista 'yanci ba, ya sa a duba maganar. Aka zauna a Roma a wannan shekara, aka ba Sisiliyan gaskiya. Suka ɗaukaka ƙara, aka tara majalisa a Arles ta ƙasar Faransa ta yau a 314, hukunci bai canja ba. Binciken gwamnati ya wanke Filikus na Abtungi, aka gano cewa takardar da aka kafa hujja da ita an yi mata ƙari. A 316 sarki da kansa ya yanke musu hukunci, ya sa a ƙwace majami'unsu, da ya ga abin ya ƙi ci sai ya ƙyale su a 321.

A tsakanin nan, a 320, wani dikin da ya ɓata da bishop ɗinsa ya kai ƙara gaban gwamnan Numidiya, aka fito da tsohon rahoton nan na Sirta aka karanta. Bishop ɗin da ake ƙara shi ne Silbanus, wanda ya fito da kayan azurfa a 303, yanzu kuma yana cikin manyan Donatiyawa da suka ƙi Sisiliyan. Ashe a cikin ikilisiyar masu tsabta ma akwai hannun da ya miƙa.

Wannan bai rage musu jama'a ba. A ƙauyukan Numidiya su ne masu rinjaye. Gari ɗaya majami'a biyu, bishop biyu, Littafi ɗaya, waƙoƙi kusan iri ɗaya, amma ba a cin abinci tare, ba a son auratayya, ko makabarta ba a haɗawa. A 347 sarki Konstans ya aiko jami'ai da kuɗi da sojoji don a haɗa kan ikilisiya, aka kashe wasu Donatiyawa, aka kori Donatus daga ƙasar har ya mutu a baƙunci. Hakan ya ƙara tabbatar musu cewa su ne ikilisiyar shahidai. Da aka ba su izinin dawowa wajen 362, duk majami'ar da suka karɓo sai sun wanke bangonta sun kankare teburin jibi kafin su yi sujada a ciki. Akwai kuma gungun 'yan ƙauye masu yawo da kulake da ke mara musu baya, suna far wa malaman ɗaya ɓangaren da masu bin bashi.

Cikin wannan hali Agustin ya zama ma'aikaci a Hippo, birnin da yau ake kira Annaba, a 391, ya zama bishop bayan 'yan shekaru. Ɗan ƙasar ne, an haife shi a Tagaste a 354. Ɓangarensa ana kiransa Katolika, a ma'anar ikilisiya ta dukan duniya, kada mu haɗa da rabe-raben ɗariku na yau. A Hippo su ne 'yan tsiraru, har an taɓa samun bishop na Donatiyawa da ya hana masu gashin burodi su yi wa 'yan Katolika burodi.

Agustin ya ɗauki shekara wajen talatin yana amsa musu, kuma tambayar da ya fi matsa musu da ita ita ce wadda matasanmu suke yi. In ingancin baftisma ya rataya ga tsarkin zuciyar mai yin ta, wa zai taɓa samun kwanciyar rai? Mai miƙawa an san shi, to mazinacin da ya ɓoye zunubinsa har ya mutu fa? Mutanen da ya yi wa baftisma sun sami wani abu ko ba su samu ba? In an ce sun samu, to ba daga hannunsa ya fito ba. In an ce ba su samu ba, to babu Kiristan da ya san matsayinsa a gaban Allah, domin babu wanda ya taɓa leƙa zuciyar fastonsa. Ya mai da su ga Bisharar Yahaya, inda aka nuna cewa Yesu ne mai yin baftisma da Ruhu Mai Tsarki, aka kuma ce almajiransa ne suke yi wa mutane baftisma a madadinsa. Yahuza yana cikin almajiran nan, ba mu kuwa ji an sake wa kowa baftisma saboda shi ba. Baftisma ta Almasihu ce, ma'aikaci bawa ne da aka aika. Ya yi misali da kwatamin dutse da ruwa ke bi ya shiga lambu: dutsen ba ya tsiro da komai, amma lambun yana shan ruwa. Ya kuma yi misali da tambarin da ake yi wa sojan Roma a jiki. In soja ya gudu ya dawo, akan hukunta shi ko a yafe masa, amma ba a sake masa tambari, domin tambarin na sarki ne.

A nan ne maganar ta taɓa ceto kai tsaye. Donatiyawa ba su ce mutum yana ceton kansa da ayyukansa ba. Amma sun sa tsarkin wani ɗan adam a tsakanin mai zunubi da alherin Allah, kuma duk inda aka yi haka, begen mai bi ya koma kan mutum. Abin da Bulus ya yi faɗa a kai ke nan a 1 Korantiyawa 1, da ya ji masu bi suna rarrabuwa bisa ga sunayen waɗanda suka yi musu hidima.

Kan batun ikilisiya marar aibi, Agustin ya kawo misalan Yesu a Matiyu 13: alkama da zawan da aka bari su girma tare har kaka, da tarun da ya kamo kifi mai kyau da marar kyau, ba a ware su ba sai a bakin gaɓa. Donatiyawa sun ba da amsa mai ƙarfi, suka ce ai Ubangiji da kansa ya fassara gonar a matsayin duniya, ba ikilisiya ba. A kan wannan aya muna ganin sun fi shi riƙe nassi. Amma tarun ya fi wuyar kaucewa, haka kuma addu'ar da Ubangiji ya koya mana, wadda a cikinta ikilisiya duka, har da bishop, take roƙon gafara kowace rana. Amaryar da take roƙon gafara kullum ana kan wanke ta ne, ranar da za a gabatar da ita ba tabo tana gaba. Wani masani daga cikin Donatiyawa kansu, Tikoniyus, ya kai ga wannan fahimta tun kafin Agustin, ya koyar cewa jikin Ubangiji a duniya gauraye yake. Suka fitar da shi daga zumunci.

Sai kuma abin da ya faru a gidansu. A 393 wasu suka ɓalle daga Donatiyawa suka bi wani dikin mai suna Maksimiyan. A 394 bishop 310 suka taru a Bagai suka la'ance su. Bayan 'yan shekaru aka karɓi biyu daga cikin bishop ɗin da aka la'anta, tare da mutanen da suka yi wa baftisma a lokacin ɓallewar, ba a sake wa ko ɗaya baftisma ba. Agustin bai gaji da tuna musu wannan ba.

Bari mu ɗan ratse, don kada wani ya rikice. Wasu ɗarikunmu suna yi wa babban mutum baftisma ta nutsarwa ko da an yayyafa masa ruwa yana jariri. Wannan wata muhawara ce dabam, kan bangaskiyar mai karɓa da yadda ake yin baftisma. Ba ta shafi halin wanda ya yi ta ba. Kan wannan na biyun manyan ikilisiyoyin Gyara sun bi Agustin. Shaidar bangaskiya ta Ogsbog ta 1530, wadda Lutheran ke riƙe da ita, ta ambaci Donatiyawa da suna a sashe na 8 ta ƙi koyarwarsu. Sashe na 26 cikin sassa 39 na Anglikan ya koyar cewa rashin cancantar ma'aikaci ba ya soke amfanin Magana da baftisma da jibi, sa'an nan a wuri guda ya ce a binciki mugayen ma'aikata, in an same su da laifi a tuɓe su. Wannan kashi na biyu mukan manta da shi. Agustin bai taɓa cewa a daina horo ba, 1 Korantiyawa 5 tana nan daram. Cewa baftismarka tana nan ba hujja ba ce ta a rufe laifin fasto a mai da shi wata ikilisiya a ɓoye, ya ci gaba da cutar tumaki. Duk inda dattawa suka yi haka, su ne suke haifar da sababbin Donatiyawa, matasa masu kishi da za su fita su kafa tasu majami'ar inda suke zaton zawan ba zai tsiro ba.

Akwai inda ba za mu bi Agustin ba ko taki ɗaya. Da fari ra'ayinsa shi ne kada a tilasta wa kowa, a rinjaye shi da magana. Bayan dokar sarki Honoriyus ta 405, wadda ta sa Donatiyawa cikin jerin 'yan bidi'a, ya ga wasu garuruwa sun koma ɓangarensa saboda tsoron hukuma, sai ya canja. A wasiƙar da ya rubuta wa wani bishop Binsentiyus wajen 408 ya kare amfani da ƙarfi, ya kuma jawo misalin babban biki na Luka 14, inda maigida ya aiki bawansa ya matsa wa mutanen kan hanya su shigo. A watan Yuni na 411 aka yi babban taro a Kartaj, a wani gidan wanka na jama'a, bishop 286 na Katolika da kusan 280 na Donatiyawa, jami'in sarki Marsilinus yana alƙalanci. Donatiyawa suka ƙi zama, suna kafa hujja da Zabura cewa adali ba ya zama tare da mugaye, sai kowa ya tsaya a tsaye har da alƙalin. Alƙalin ɗan Katolika ne, hukunci kuwa ya fito yadda aka zata. A 412 aka sa tara mai nauyi a kan duk wanda ya ƙi komawa, aka ƙwace majami'u, aka kori malamai. Gaskiya ne Agustin ya roƙi kada a kashe kowa, har waɗanda suka kashe wani ma'aikacinsa. Duk da haka ya buɗe ƙofar da wasu suka bi bayansa. A Faransa, a 1685, an sake buga wasiƙunsa don a halatta tsananta wa Furotesta. Mutumin da ya koyar cewa alheri kyauta ne ya yarda a kora mutane zuwa teburin Ubangiji da bulalar gwamnati, kuma mu da muka san ɗacin tilas a kan addini ba mu da dalilin yi masa kwaskwarima.

Tilas ɗin ma bai gama da su ba. A Timgad, wajen 420, bishop Gaudentiyus ya kulle kansa da jama'arsa a majami'a ya ce zai cinna mata wuta in aka matsa musu. Har wajen 590 da 'yan kai wasiƙun Giregori, bishop na Roma, suna kuka cewa ana sake wa mutane baftisma a Numidiya.

A 429 Bandal, wata kabila daga Turai, suka haye teku suka shiga Afirka, shekara ta gaba suka kewaye Hippo. Agustin yana da shekara 75, zazzaɓi ya kwantar da shi. Abokinsa Fosidiyus, wanda yake tare da shi a birnin, ya ba da labari cewa ya sa an kwafe masa zaburan tuba na Dawuda a manyan takardu aka manna a bango kusa da gadonsa. Kwana goma na ƙarshe ya roƙi kada kowa ya shigo sai mai kawo abinci da mai magani, yana karanta su yana kuka. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, sojojin Bandal suna bakin ganuwa.